Me ya sa irin da na shuka ya ƙi fitowa, wanda ya fito kuma ya kwanta?

Wata baiwar Allah daga unguwar Badariya a Birnin Kebbi ta aiko da tambaya. Ta ce a watan Afrilu ta sayi iri kala shida a 'yan fakiti: tumatir, attarugu, latas, karas, ɗaɗɗoya da wata fulawa mai ruwan ɗorawa. Ta ɗebo ƙasa daga bayan ɗaki, ta gauraya da kashin kajinta, ta cika bokitai, ta binne irin, ta jera su a ƙarƙashin rumfar kwano tana ba su ruwa safe da rana da yamma. Latas da karas ko ɗaya bai leƙo ba. Tumatir ya fito, ya yi tsawo siriri, bayan mako guda ya kwanta ya mutu. Attarugu kuwa ta jira shi kwana goma, da ta ji shiru sai ta juye ƙasar a gindin katanga. Tana so ta sani, mataccen iri aka sayar mata, ko kuwa ita ce ba ta da hannun shuka?

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka. Maganar rashin hannun shuka ki ajiye ta gefe. Na yi shekaru ina aikin malamin gona tsakanin fadamun Jega, Aliero da Argungu, kuma abin da kika bayyana na gan shi a hannun mutanen da aka haifa cikin lambu. Tunda tumatirinki ya fito, da wuya a ce duka irin matacce ne. Abin da ya fi cutar da ke shi ne watan da kika zaɓa, sai kuma yawan kulawa: taki mai zafi, ruwa sau uku, inuwa dare da rana.

Mu fara da watan. Yawancin fakitin da ake shigowa da su daga Turai da Amurka an rubuta bayaninsu ne don mutanen da sanyi ke kashe wa shuka. Su jiran ɗumi suke yi. Mu a Kebbi zafi ne abokin gabarmu. A Afrilu zafin Birnin Kebbi yakan wuce digiri 40, ƙasar da ke cikin bokitin roba a ƙarƙashin kwano kuwa ta fi haka. Irin latas yana da wata ɗabi'a: idan zafin ƙasa ya haura kamar digiri 30, sai ya yi barci ya ƙi tsirowa ko da lafiyarsa ƙalau. Karas ma ba ya son wannan zafin. Tumatir zai fito, amma ko ya rayu, furensa zubewa yake yi idan rana ta wuce digiri 35 dare kuma bai huce ba, sai ki ga itace kore shar babu 'ya'ya. Shi ya sa masu lambun fadama ba sa wasa da ƙarshen damina. Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba ake zuba irin tumatir, albasa, kabeji, latas da karas, don su girma cikin sanyin hunturu, a ci moriyarsu kafin bazara ta kunno kai a Maris. Je ki Aliero a watan Oktoba, za ki ga gadajen renon albasa sun yi kore kamar gashin jariri, ana jiran dashe. Ba su zaɓi lokacin don al'ada kawai ba, albasar ce ta koya musu.

Wannan ba ya nufin gidanki ya zauna babu kore a sauran watanni. Akwai 'yan gida masu son zafi: kuɓewa, alayyafo, yakuwa, rama, lalo, zogale, gauta, kabewa. Waɗannan daga Mayu zuwa Yuli suke jin daɗi, idan kina da ruwa ma tun Maris. Kuɓewa ita ce ke ƙin sanyi, idan kika shuka ta a Disamba sai ta tsugune ta ƙi tashi. Attarugu da tattasai suna tsakiya: irinsu yana son ɗumi kafin ya tsiro, don haka reno a Mayu ko Yuni don damina, ko a Satumba don rani, ya fi yi musu kyau a kan tsakiyar ɗari.

Attarugun da kika juye shi ya fi ba ni tausayi. Kwana goma bai isa a yanke masa hukunci ba. Tumatir yakan fito cikin kwana 5 zuwa 8, kabeji da latas ƙasa da mako guda, amma attarugu yakan ɗauki mako biyu, wani lokaci har uku. Karas ma haka, kwana 10 zuwa 20. Mai shuka barkono sai ya iya jira.

Kafin ki sake zargin mai shago, ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Ki ƙirga ƙwaya goma, ki jera su a kan tsumma mai tsabta da kika jiƙa kika matse, ki naɗe, ki sa a leda ba tare da kin ɗaure bakin tam ba, ki ajiye kusa da randa inda ke da sanyi-sanyi. Kullum ki buɗe ki duba, idan ya fara bushewa ki yayyafa ruwa. Idan bakwai ko takwas suka fasa suka fito da farar saiwa, irin yana da kyau. Idan huɗu ne ko biyar, ki ninka yawan da za ki zuba. Idan biyu ne, ki nemi wani. Wannan gwajin ya fi zama dole ga albasa, domin irinta ba ya daɗewa: shekara guda a zafin ƙasarmu ta isa ta kashe mafi yawansa. Irin tumatir da na kuɓewa sun fi juriya. In kin je saye, ki duba ranar da aka rubuta a jikin fakitin, kuma ki guji wanda aka rataye a bakin shago rana na dukansa har launin takardar ya koɗe. Irin da kika ga an rina shi ja, kore ko shuɗi, magani aka shafa masa don kashe ƙwari da cuta. Guba ne. Ki ɓoye shi daga yara da kaji, ki wanke hannu bayan kin taɓa.

Yanzu ƙasa, kuma a nan zan daɗe, don a nan ake cin nasara ko a faɗi. Ƙasar bayan ɗaki yawanci ta sha takawa, ta sha ruwan wanki, idan ta jiƙe ta zama laka, idan ta bushe ta yi ɓawo kamar kasko. Ƙwayar iri ƙanƙanuwa ba ta da ƙarfin fasa wannan ɓawon. Abin da take so ƙasa ce mai laushi wadda ke riƙe danshi amma ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Haɗin da na saba ba mutane shi ne kwano biyu na ƙasar gona ta sama, irin baƙar nan ta gindin itatuwa, kwano ɗaya na ruɓaɓɓen taki, kwano ɗaya na yashin gulbi. Ki tankaɗe su da rariya mai manyan ido, ki fitar da tsakuwa da guntayen leda. Mu a Kebbi Allah ya ba mu wani abu da ake zubarwa a banza, wato buntun shinkafa. Duk inda injin casa yake za ki same shi tuli. Idan aka ƙona shi a hankali ya yi baƙi bai kai ga zama toka ba, yana maye gurbin yashi, kuma ya fi shi sauƙin ɗauka idan a bokiti ne. Yadda za ki gane haɗin ya yi: ki jiƙa, ki damƙa a tafin hannu. Ya dunƙule, ruwa bai ɗiga ba, kina taɓa shi da yatsa ya warwatse. To ya yi.

Kashin kaji ɗanye wuta ne. Yana fitar da wani tururi mai yaji, wanda kike ji yana hawa hanci idan kin shiga akurki, shi ke ƙone saiwar tsiro tun tana zare. Ba a hana amfani da shi ba, hasali ma ya fi na shanu da na awaki ƙarfi, amma sai ya ruɓe. Ki tara shi a rami ko a wani lungu, ki haɗa da busasshen ganye da sharar tsakar gida, ki riƙa yayyafa ruwa kina juyawa duk bayan mako biyu, har wata biyu zuwa uku. Takin da ya nuna ba a gane kashin mene ne, ba ya ɗumi idan kin cusa hannu, ƙamshinsa kuma irin na ƙasa ne bayan ruwan farko. Busasshen kashin shanu da bai ruɓe ba kuwa gara yake gayyatowa, gara kuma idan ta gama da kashin sai ta juya kan shukar.

Kwanciyar da tumatirinki ya yi tana da dalili biyu, kuma na tabbata duka biyun sun haɗu a kansa. Na farko cuta ce irin ta fumfuna da ke zaune a cikin ƙasa. Da kin tsugunna kin ɗaga ɗaya daga cikin waɗanda suka kwanta, za ki ga ganyen kore ne lafiya lau, amma daidai inda karan ya haɗu da ƙasa ya tsuke kamar an ɗaure shi da zare, ya yi ruwa-ruwa, launinsa ya koma na ƙasa. Da daddare suna tsaye, da safe ki tarar an kwantar da su gefe guda kamar an bi su da mataji. Wanda ya kwanta ba ya tashi, babu maganin da zai mayar da shi. Cutar tana son abu uku: ƙasa mai jiƙe kullum, cunkoso, da wurin da iska ba ta ratsawa. Ruwa sau uku a rana a ƙarƙashin rumfa ya ba ta duk abin da take nema. Ban sani ba ko kin huda gindin bokitan. Idan ba ki huda ba, wannan kaɗai ya isa. Kowane mazubi, bokiti ne, baho ne, gwangwanin madara ne ko ledar fiya wata, sai an yi masa huji huɗu ko biyar a ƙasa.

Ana rage wannan cuta tun kafin a zuba iri. Tsofaffin masu lambu sukan tara kara da ciyawa a kan gadon reno su cinna wuta, kuma suna da gaskiya, zafin yana kashe cuta da 'ya'yan ciyawa na saman ƙasa. A gida, tunda ƙasar reno ba ta wuce baho ɗaya ko biyu ba, ki tafasa ruwa ki kwarara a kanta har ya fito ta hujin, ki rufe, ki bar ta ta huce ta tsane zuwa washegari. Ko ki jiƙa ta ki ɗaure a farar leda mai haske ki shanya a rana tsawon mako huɗu. Zafin Afrilun da ya kashe miki latas, a wannan aikin bawanki ne.

Dalili na biyu shi ne duhu. Tsiro da ya fito bai ga rana ba, miƙewa yake yi yana nemanta, sai ya yi dogon wuya fari marar ƙarfi. Ni ma na taɓa yin wannan asarar. Wata shekara na zuba irin tumatir a gado biyu, na rufe da ciyawa yadda aka saba, sai rasuwa ta same mu na yi tafiya Yauri. Na bar wa yaro ban ruwa, amma ban gaya masa ya ɗaga ciyawar ba. Kwana tara na dawo. Da na ɗaga, sai na ga tsiron ya sarƙe cikin ciyawar, fari fat, kowanne ya kai tsawon yatsa, ganyen biyu ƙanana rawaya a kai. Rana ɗaya ta buge su suka narke. Mako biyu na lokaci suka tafi, kuma a noman rani mako biyu ba ƙaramin abu ba ne, don su ne ke sa nunan tumatir ya faɗa cikin zafi. Tun daga ranar nake gaya wa kowa: daga kwana na huɗu, kullum da safe ka ɗaga rufin ka leƙa. Ranar da ka ga sun fara turo ƙasa da lanƙwasasshen wuya kamar ƙugiya, ranar za ka cire.

Don haka ga yadda za ki yi idan Oktoba ta zo. Ki cika mazubin da haɗin ƙasar, ki bar kamar yatsa biyu daga baki, ki jiƙa ta sosai tun kafin iri ya taɓa ta. Ki ja layi da tsinke, tsakanin layi da layi faɗin yatsa huɗu. Zurfin kuwa, ki auna da girman ƙwayar: kamar ninki biyu ko uku na kaurinta. Tumatir, attarugu, kabeji da albasa ba sa wuce santimita 1, wato kamar faɗin farcen ƙaramin yatsa. Kuɓewa da kabewa gaɓar yatsa ɗaya. Latas, alayyafo da ɗaɗɗoya ba a binne su. A yafa a sama, a danna da tafin hannu, a barbaɗa ƙasa kamar yadda ake barbaɗa gishiri a miya. Latas ma har haske yake so kafin ya tsiro. Kin ce kin binne irin. Ina kyautata zaton latas da ɗaɗɗoyarki sun yi nisa da sama ƙwarai. Ƙananan iri ki gauraya su da busasshen yashi kafin ki yafa, cokali ɗaya na iri cikin cokali goma na yashi, don kada su taru wuri guda. Sai ki rufe da busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya ko tsohon buhun algarara.

Ban ruwa kada ya zama da moɗa ko bakin buta, ƙarfin ruwan yana tono iri ya tara shi a kusurwa. Ki samu gorar ruwa ta roba, ki huda murfin da allura mai zafi wuri goma, ta zama abin yayyafi. Da safe ake ba reno ruwa. Da yamma ki cusa yatsa: idan akwai danshi a ƙasan gaɓar farko, ki ƙyale shi. Iskar hunturu tana busar da saman ƙasa da sauri, wani lokaci sai an ƙara kaɗan da la'asar, amma kada tsiro ya kwana cikin caɓi. Ruwan wanki da na wanke-wanke mai sabulu ba na reno ba ne. Ruwan alwala kuwa, ki sa baho ki tara, ya isa bokitai da yawa.

Wurin ajiyewa ya zama inda ranar safe ke samu har zuwa hantsi ko kusan azahar, sannan inuwa ta rufe. Gabashin ɗaki ko gindin dogon yaro ta ɓangaren gabas ya fi rumfar kwano nesa ba kusa ba. Ki ɗora mazuban a kan bulo ko benci saboda tururuwa, don tana iya kwashe irin latas da na alayyafo a dare ɗaya, ki wayi gari kina zargin mai shago. Kaji da ƙadangaru kuma kin san halinsu da ɗanyen tsiro. Tsohon gidan sauro da aka wanke, a kafa 'yan sanduna a lulluɓa, yana maganinsu duka. Yana kuma rage farin ƙuda, ɗan ƙaramin ƙwaron nan da ke tashi kamar gari idan an girgiza ganye, wanda ke ɗauko cutar nannaɗewar ganyen tumatir. Tumatirin da ya kamu tun a reno ba ya yin abin kirki har ya mutu. Haka ma ƙwaron da manoma suka sa wa suna sharon, wanda ya cinye gonakin tumatir a Arewa a 2016, gara a hana shi isa ga shukar tun tana ƙarama.

Akwai kuma abin da fakiti ba ya faɗa da babbar murya: ba kowane iri ake reno a dasa ba. Tumatir, attarugu, tattasai, gauta, albasa, kabeji da latas suna son dashe. Karas ba ya so ko kaɗan. Saiwarsa ita ce abincin, idan aka tumɓuke ta ta lanƙwashe, sai ya fito da ƙafafu biyu ko uku. A inda zai zauna ake shuka shi, cikin ƙasa mai yashi da zurfinta ya kai santimita 30, babu tsakuwa babu ɗanyen taki. Wahalarsa ita ce makonni biyun farko, saman ƙasar ba ya son ya bushe ko sau ɗaya, shi ya sa buhun algarara mai danshi ke da amfani a kansa. Idan ya fito ya yi ganye uku, ki rage shi, ki bar faɗin yatsa uku tsakani. Mutane suna jin nauyin cire tsiron da suka sha wahala a kansa, amma karas da aka bari a cunkushe ganye kawai zai ba ki. Kuɓewa, kokwamba, kankana, kabewa, yakuwa da zogale su ma kai tsaye ake shuka su, ƙwaya biyu ko uku a rami, daga baya a bar mai ƙarfi. Kuɓewa ki jiƙa ta ta kwana a ruwa, za ta fi saurin fitowa. Lalo yana da taurin kai na musamman saboda ɓawonsa: ki ƙulle irin a tsumma, ki tsoma a ruwan da aka sauke daga tafasa kamar daƙiƙa goma, ki fitar ki tsoma a ruwan sanyi, ki shanya a inuwa, ki shuka a ranar.

Lokacin dashe ana gane shi da ganye, ba da tsawo ba. Ganye biyun farko na cikin ƙwaya ne, ba a ƙirga su. Tumatir idan ya yi ganyen gaskiya huɗu ko biyar, wato mako uku zuwa huɗu, ya isa. Kabeji da latas kusan haka. Attarugu da tattasai mako biyar zuwa shida. Albasa mako shida zuwa takwas, idan ta kusa kaurin fensir. Saura mako guda ki fara horar da su: ki rage ruwa, ki ƙara musu awannin rana kullum, har su saba. Tsiron da aka ɗauko daga inuwa aka kai rana kai tsaye yakan ƙone. Ranar dashe ki jiƙa renon sosai tun da rana, ki bari sai bayan la'asar, ki ɗago kowanne da cokali tare da ƙasarsa, ki riƙe shi ta ganye ba ta kara ba. Tumatir ki nutsa shi har kusa da ganyen farko, karansa yana fitar da sabuwar saiwa duk inda ƙasa ta rufe, kuma wannan yana gyara wanda ya ɗan yi dogon wuya. Attarugu, latas da albasa kuwa a daidai zurfin da suke a da. Ki ba da ruwa nan take, ki kafa musu ɗan ganye ko kwali ya yi musu inuwa kwana biyu ko uku. Tumatir da attarugu kamu guda tsakani, ko kuwa gindi ɗaya a bokiti ɗaya ko buhun siminti ɗaya. Latas taƙi guda da ɗan ƙari. Albasa faɗin tafin hannu.

Idan haɗin ƙasarki yana da ruɓaɓɓen taki, reno ba ya buƙatar takin zamani. Idan kin ga ganye ya koɗe bayan mako biyu, ki narka ƙaramin cokali ɗaya na NPK a lita 4 na ruwa ki zuba a gindi, ki bi da ruwa zalla. Kada ki barbaɗa ƙwayar takin a kan tsiro, musamman yuriya.

Ganyayen ƙamshi ba su da wuya, sai dai a san wanda ake samu daga iri da wanda ba a wahalar da kai. Ɗaɗɗoya daga iri take, kuma idan kin jiƙa ƙwayar kika ga ta yi yauƙi fari-fari a jiki, lafiyarta ke nan, ba ruɓewa ta yi ba. Idan ta kai taƙi guda ki riƙa tsinke kan, za ta yi rassa, kuma kada ki bar ta ta yi fure da wuri. Na'ana'a kada ki sayi irinta. Ki karɓi reshe biyu wurin maƙwabciya, ko cikin wadda kika sayo ta shayi, ki sa a kofin ruwa, cikin mako guda za ta yi saiwa. Ki ba ta mazubinta ita kaɗai, don mamaye wuri take yi. Shuwaka ma reshe ake dasawa, ciyawar shayi mai ƙamshin lemo a raba gindinta, tafarnuwa a ɓare a dasa ɗaya-ɗaya a farkon sanyi. Hulbar da ke cikin kicin ɗinki tana tsirowa cikin kwana uku zuwa biyar. Kusbara ki murza ta a hankali ta rabe biyu, don kowace ƙwaya iri biyu ne a ciki, ki shuka kai tsaye a Nuwamba, zafi yana sa ta fure tun ba ta yi ganye ba. Idan kina da yara, ki ba su lansir su shuka da hannunsu. Kwana biyu ko uku ya fito, mako biyu zuwa uku an yanka an yi kwaɗo.

Fulawar da kika ce mai ruwan ɗorawa, ina zaton marigol ce, mai iri dogo siriri baƙi da farin gashi a kai. Idan ita ce, kin yi dace. Tana fitowa cikin mako guda, ta yi fure cikin wata biyu, tana jure zafinmu, kuma saiwarta tana rage ƙananan tsutsotsin ƙasa da ke sa saiwar tumatir da kuɓewa yin ƙulli-ƙulli. Ki dasa ta a tsakanin kayan miyan, kada ki ware ta. Ziniya da sanfulawa mai bin rana su ma suna yi a nan, sanfulawa kai tsaye ake shuka ta. Bogenbiliya mai hawa katanga da wardi kuwa reshe ake dasawa. Hotunan furannin ƙasashen sanyi da ake tallar irinsu a intanet, ki riƙe kuɗinki, yawancinsu ba za su ga bazarar Kebbi su rayu ba.

Idan Allah ya sa kin ci amfanin, ki ajiye irinki. Sai dai ki duba fakitin: wanda aka rubuta F1 irin aure ne, yana ba da 'ya'ya da yawa a shukar farko, amma jikokinsa ba sa kama da shi. Tumatir irin Roma da wanda 'yan kasuwa ke kira UTC, da kuɓewa, yakuwa, alayyafo da attarugun gida, duk ana ajiye su. Na tumatir ki zaɓi wanda ya nuna sosai a gindi mafi lafiya, ki matse 'ya'yan da ruwansu a kofi, ki bar su kwana biyu ko uku su yi tsami, ki wanke, ki zubar da masu tasowa sama, ki shanya na ƙasan a inuwa har su bushe ƙarau. Ki zuba a kwalba mai murfi tare da ɗan tokar murhu mai sanyi, ki rubuta suna da wata, ki ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, ba saman firji ko kusa da murhu ba.

Ragowar irin da ke hannunki yanzu, latas da karas da tumatir, ki yi musu wannan ajiyar har Oktoba, ki gwada goma-goma a tsumma kafin ki zuba. Kafin nan ki tara kashin kajin ya ruɓe, ki shuka kuɓewa da alayyafo da ɗaɗɗoya a bokitan bayan kin huda su. Gindin katangar da kika juye ƙasar attarugu kuma kada ki share shi. Idan ruwa ya sauka a Yuni ki riƙa leƙawa, idan kin ga tsiro mai siraran ganye biyu masu tsini kamar kunnen zomo, ki kewaye shi da ƙaya saboda kaji, ki bar shi ya yi ganye shida kafin ki ɗaga.